Kamashon Lale

Ni tela ne, amma ba irin telan da ake kawo wa yadi ya yanka ba. Nawa aikin gyara ne. A bayan wani babban kantin kayan maza nake zaune, a ɗakin da ba shi da taga, daga ni sai keken ɗinki sai dutsen guga sai wata fanka da ta fi ni ƙorafi. In mai kuɗi ya sayi wando ya yi masa tsawo, ni zan rage. In tumbi ya hana kwat rufuwa, ni zan saki, a kuma ce masa ai ɗinkin ne ya zo a matse. Kayan da ke wucewa ta hannuna a yini ɗaya sun fi albashina na shekara, kuma masu saka su ba sa ganina sai in an kira ni in durƙusa da alli a bakin ƙafarsu. To, ba labarina zan ba ku ba, na Lale ne.

Da ƙuruciyarsa aka ɗauke shi aikin buɗe ƙofa. Kowa ya shigo sai ya rusuna ya ce, "Lale, lale, barka da zuwa," har sunan ya manne masa. Daga ƙofa ya koma ɗaukar kwalaye a sito, daga sito aka fito da shi fili, wato inda ake sayarwa. Lokacin da abin nan ya faru ya haura hamsin, furfura ta ci gefen kansa. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. A kantinmu mai sayarwa ba ya zama, ba ya jingina, ba ya sa hannu a aljihu, don haka jijiyoyin ƙafarsa duk sun fito raɗa-raɗa. Da safe da tsohuwar riga yake zuwa, kwat ɗin aiki tana cikin leda a kafaɗarsa don kada cunkoson mota ya yamutsa ta. A ɗakina yake canzawa, ni nake ɗan bi masa kafaɗar da guga. Daga nan muka saba.

Mutanen waje in suka leƙo ta gilashi suka ga masu sayarwa cikin kwat, ƙamshi na tashi, sai su ɗauka wasu manya ne. Manyan ina! Albashinsu ko haya da kuɗin mota ba ya rufewa. Kwat ɗin jikinsu ma su suke biya, ana yankewa kaɗan-kaɗan. Abin da ake rayuwa a kai shi ne kamasho, ɗan abin da ake yago maka daga duk kayan da ka sayar. Shi ma ba naka ba ne ko da ya shiga aljihunka, ko da ka cinye shi: ranar da mai saye ya dawo da kayan, ranar za a zare shi daga albashinka. Sannan ga geji. Kowane wata akwai yawan cinikin da aka yanka wa kowa. Ka gaza sau ɗaya, Manaja ya kira ka ofis ya yi maka nasiha yana murmushi. Ka gaza a jere, ya nuna maka ƙofar baya. Mai saye kuwa naka ne muddin kana sayar masa. In ya fara shigowa yana fita hannu rabbana, sai a ce ba ka iya da shi ba, a miƙa shi ga wani.

Lale ba ya tura wa mutum kaya. Zai tsaya gefe, ya bar ka ka shafa, ka ɗaga, ka ajiye, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, gwada wannan mu gani." A da, wannan halin ya tara masa mutane. Amma mutanensa suka tsufa tare da shi. Wasu suka rasu, wasu suka bar aiki suka daina sa kwat. Samarin da aka ɗauka daga baya kuwa a waya suke farauta, su tura hoto, su tura gaisuwa, su tura wani hoton, har mutum ya zo ya saya don a ƙyale shi. Gwaninsu shi ne wanda muke kira Ɗan Gaye. Bakinsa kamar an zuba masa zuma, yana iya sayar wa mai zazzaɓi rigar shan iska. Cinikin Lale ya yi ta ja da baya, kowa kuma yana gani.

Gidansa ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene, shi da maman yara da 'ya'ya huɗu. Na sha zuwa. Babbar 'yarsa muke tsokana da Likita, don karatun haɗa magunguna take yi, kuma saura mata shekara ɗaya. Kuɗin makarantar nan daga kamasho yake fita, ba daga ko'ina ba. Wata safiya ina goge masa kafaɗa ya ce, "Tela, shekara ɗaya kawai nake roƙo. In yarinyar nan ta gama, su kore ni da safe, wallahi ba zan kai azahar a kantin nan ba."

Abin da ya riƙe shi a bakin aikinsa mutum ɗaya ne, wani dattijo da muke kira Baban Laraba. Tsohon mai sayen Lale ne tun yana da ƙarfinsa, a da sai shekara-shekara yake leƙowa. Da matarsa ta rasu sai ya koma zuwa duk ranar Laraba da hantsi, direba na biye da shi, sanda a hannu. Zai zauna a kujerar fata ta manyan baƙi, a kawo masa shayi, ya yi ta ba Lale labarin wuraren da ya yi aiki da mutanen da ya sani. "Ɗana" yake ce masa. In hira ta ƙare sai ya ce, "To ɗana, me ka ajiye min?" Ba ya tambayar farashi. Cinikin Baba shi kaɗai yake haye da Lale geji, in ka cire shi babu Lale a kantin.

Ni na fara gane akwai matsala, ba don wayo ba, don ƙafar Baba ta hagu ta ɗan fi ta dama gajarta, dole in lura da wandonsa. Aka kawo min wani ruwan toka mai siririn zane na rage. Bayan 'yan makonni aka sake kawo irinsa sak. Na ce to, mai kuɗi ne, wataƙila ya ji daɗinsa. Da na uku ya zo sai na riƙe shi har Lale ya shigo.

"Mutumina, wannan tsohon naka ƙafa nawa gare shi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yana son launin."

"Yana son launin, ko ya manta ya saya?"

Ya tsaya yana kallon keke kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Labarin da ya ba ni yau, shi ya ba ni wancan makon. Har inda yake tsayawa ya yi dariya." Ashe ya riga ni sani, ya haɗiye ne.

Direban ne ya ƙarasa mana sauran, wata rana da ya zagayo karɓar gyara. Mutum ne mai tsoro, sai da ya leƙa hagu da dama. Ya ce akwai ɗaki guda a gidan da ya cika da ledojin kantinmu, ko ɗaya ba a buɗe ba. Baba yana komawa zai ajiye ya manta. 'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, kullum suna waya, amma a waya Baba garau yake, gaisuwa da barkwanci, ba za ka taɓa cewa wani abu ba. Na ce, kai me ya hana ka gaya mata? Ya ce, "Malam, in aka hana shi fita, wa zan tuƙa?" Kun ji fa. Kowa da inda tsohon nan yake riƙe masa rufin asiri.

Ba zan ce Lale bai yi ƙoƙari ba. Ya koma lallaɓa Baba da ƙananan kaya. In ya ce me ka ajiye min, sai ya kawo masa safa, ko hankici, ko ya ce, "Baba, yau hira kawai za mu yi." Baba ko a jikinsa, shi dai a yi hira da shi. Amma Manaja yana da ido. Wata ya ƙare Lale bai kai geji ba, aka kira shi ofis. A nan ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, ya ce dattijon nan hankalinsa ya fara gushewa, abu ɗaya yake ta saye.

Manaja ya ce, "Mu asibiti ne? Katinsa yana aiki?"

"Yana aiki, yallaɓai."

"To mene ne naka? Kujerar nan da shayin nan ba na 'yan hira ba ne. In ka gaji da shi ka faɗa, Ɗan Gaye ya daɗe yana roƙona."

Lale ya fito ya shigo wurina ya maimaita min kalma-kalma. Raina ya ɓaci har na ƙona yatsa da dutsen guga. Ya ce, "Ka ga inda aka sa ni? In na ƙi sayarwa, a ba Ɗan Gaye shi, shi kuwa har labulen kantin nan sai ya naɗe masa. In na sayar, na cuci mutumin da yake ce min ɗansa." Na ce masa gara kai, aƙalla kai kana jin ciwo. Da wannan ya lallashi kansa ya koma sayarwa, kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai haye da shi. Haka aka yi ta tafiya wata da watanni. Ya rame, ya daina cin abincin rana tare da mu. Maman yara ta taɓa tare ni a matakalar benensu ta ce, "Baban Tela, don Allah me ake yi wa mutumin nan a wurin aiki? In Laraba ta zo ko ruwa ba ya iya sha." Na ce mata gajiya ce.

Sai wata Laraba ta faɗo a ranar ƙarshe ta wata. Watan da ya gabata Lale bai kai ba, wannan ma da sauransa, kusan kuɗin kwat guda. In ya sake gazawa shi ke nan. Kowa a kantin ya san haka, har mai shara. Baba ya zo, ya sha shayinsa, ya ba da labarinsa, sannan da kansa ya nuna kwat da wando ruwan toka mai siririn zane ya ce zai gwada. Suka shiga ɗakin gwaji. Aka jima ba su fito ba, sai ga Lale ya leƙo ya yafito ni. Na ɗauki alli na je.

Allah sarki. Baba yana tsaye daga shi sai singileti da gajeren wando, ya riƙe sabon wandon yana juya shi sama da ƙasa, hawaye na bin kumatunsa. Mutumin da a da in ya shigo kantin nan har Manaja sai ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Ɗana, wannan ta ina ake shiga?"

Lale ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ɗinkin zamani ne, kowa ma ruɗa shi yake yi. Dafa kafaɗata. Yawwa, ɗago wannan ƙafar. Sannu. Ɗago ɗayar." Ya sa masa, ya ɗaure masa, ya ɗora masa kwat, ya share masa fuska da hankicinsa. Baba ya dubi madubi sai fuskarsa ta washe kamar ba shi ne yake kuka ba. Ya ce, "Uwargida za ta so wannan. Tana son toka-toka. A naɗe min, ɗana." Matar da ta daɗe a ƙasa.

Na dubi Lale, bai dube ni ba. A waje Manaja yana tsaye bakin kanta, Ɗan Gaye yana ta gyara hangar da ba ta karkace ba. Na sa allina a aljihu na fita. Ina kallo ta ƙofa Lale ya naɗe kayan ya kai kanta. Baba ya miƙa kati ya tsaya yana kallon na'urar, lambar ta ɓace masa, sai direba ya matso ya danna. Lale ya raka su har mota, ya rusuna, ya rufe ƙofa.

Da ya dawo bai tsaya a fili ba, ɗakina ya wuce ya zauna a kan kwali, a lokacin aiki, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Na haye, Tela."

Na ce, "To, alhamdulillahi."

Ya ɗaga hannunsa yana kallo. "Da wannan na sa masa wando, da shi kuma na karɓi katinsa. Na karɓi lambar 'yarsa a wurin direba. Zan kira ta."

Nan fa na tashi da faɗa. Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa? Kai ka sa masa ciwon? Kuɗin tsohon nan ko zai yi rai biyu ba zai cinye su ba. Ka san abin da zai biyo baya: kaya za su dawo, kamasho a zare, kai kuma a yi waje da kai. Saura 'yan watanni Likita ta gama. Ka daure, in ta gama ka kira duk wanda za ka kira, ni zan saya maka katin waya."

Ya ce, "Yau wando ne. Gobe in ya fita ya rasa hanyar gida fa? In ya kunna wuta ya manta? Ba wanda ya sani sai mu, mu kuma duk ci muke yi a jikinsa."

"To ka kira ba tare da ka faɗi ko kai wane ne ba."

"Ta yarda da wa? Sai ta ce ɗan damfara ne."

Na yi magiya, na yi zagi, na haɗa shi da 'ya'yansa. Ya bar ni na gama, ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya fita ta ƙofar baya da waya a hannu. Har gobe ina cewa lokacin bai yi ba. Amma Lale in ya yi shiru irin wannan, ko uwarsa ce ta dawo duniya ba za ta juya shi ba.

Laraba ta zagayo Baba bai zo ba. Washegari da hantsi motoci biyu suka tsaya a ƙofar kanti. Wata mata ta fito, za ta yi arba'in da wani abu, idanunta a kumbure, ba kwalliya ba komai. Direba da wani mutum suka yi ta shigo da ledoji suna jibgewa a tsakiyar fili, a kan kafet ɗin da ko takalmi mai ƙura ba a so ya taka. Kwat, wanduna, riguna, takalma, duk da takardar farashi a jiki. Masu saye biyu da ke ciki suka tsaya kallo. Ni ma na fito bakin ƙofata, allura a hannu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wane ne ya kira ni?"

Lale ya matso. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na gode. Na kai shi asibiti, sun tabbatar. Da ba ka kira ba ban san ranar da zan sani ba." Ta ɗan matso kusa da shi. "Abu ɗaya nake so ka gaya min. Tun yaushe ka gane?"

Na yi ta yi masa alama da ido daga nesa. Ka ce makon jiya, bawan Allah, ka ce ranar da ka kira! Wa zai ƙaryata ka?

Ya ce, "Ya kusa shekara."

Ta dubi tulin ledojin, ta dube shi. "Ka gane, kuma ka ci gaba da sayar masa."

"Na ci gaba."

"Kullum a waya sai ya ba ni labarinka. Ɗana na kanti ya ce kaza, ɗana na kanti ya yi kaza. Har kishi nake ji, wallahi. Ina can ina jin daɗi wai mahaifina ya sami mai ɗebe masa kewa." Muryarta ta karye. "Kada ka sake kusantarsa. Ko a hanya ka gan shi, ka canza hanya."

Lale bai ambaci geji ba, bai ambaci 'yarsa ba, bai ce ya taɓa zuwa ofis ba. Ya sunkuyar da kai kawai, hannuwansa a baya kamar mai jiran mai saye.

Sai ga Manaja ya taso, hannu a ƙirji. Wai kanti bai san komai ba, wai ransa ya yi mummunan ɓaci, wai wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Za a karɓi kayan duka, har waɗanda aka yi wa gyara, har waɗanda wa'adin dawo da su ya wuce tuntuni, a mayar mata da kuɗinta cif. Shi kuma ma'aikacin za a ɗauki mataki a kansa yau ɗin nan. Ban san lokacin da na ce, "Yallaɓai, ai ya gaya maka! Ya shiga ofishinka ya gaya maka, ka ce ku ba asibiti ba ne!" Manaja ya juyo ya ce, "A mayar da telan nan bakin kekensa." Matar ko kallona ba ta yi ba. Wa yake sauraron tela?

Kafin la'asar an gama da Lale. Kamashon duk kayan nan aka tattara aka zare. Ya cinye albashinsa na watan, ya cinye ɗan abin sallamar da ya kamata a ba mutumin da ya tsufa a wuri, har da saura. Suka ce sauran sun yafe masa saboda daɗewarsa. Kun ji, su ne ma da yafiya! Ya shigo ɗakina ya cire kwat ya sa a leda, ya mayar da tsohuwar rigarsa. Na hau zagin Manaja da kakanninsa. Ya ce, "Bari, Tela. Abin da ta faɗa gaskiya ne." Ya miƙo min hannu ya fita.

Kayan da suka dawo ni aka ba na goge su ɗaya bayan ɗaya, aka mayar kan hanga. Ba su taɓa ganin jiki ba, sababbi ne fil. Wandunan ma na saki ƙafar na daidaita. Cikin 'yan makonni an sayar da yawancinsu, Ɗan Gaye ya ci sabon kamasho a kansu. Kanti bai yi asarar ko maɓalli ba.

Lale ya zaga manyan kantuna, amma masu wannan sana'a duk sun san juna, labari ya riga shi isa: ga wanda ya yi ta yagar tsoho mai ciwon mantuwa. A ƙarshe wani mai rumfar safa da singileti a bakin tasha ya ɗauke shi, biyan kullum-kullum. Likita ta ajiye karatu, ta kama aiki a wani ƙaramin shagon magani, wai sai ta tara ta koma. Na san irin wannan "sai na tara" ɗin, na ga masu yinsa da yawa. Ranar da na je gidan, maman yara ta gaishe ni ta shige ɗaki, yarinyar kuwa ta kawo min ruwa tana murmushi, ta ce, "Baban Tela, ka daina ce min Likita, kada mutane su ji su yi dariya." Wallahi ruwan nan da ƙyar ya wuce.

Bayan kamar wata biyu, ina cikin ɗinki mai shara ta ce ana sallama da ni a ƙofar baya. Na fita sai ga direban Baba, yana ta waige-waige yadda ya saba. Ya ce 'yar ta tare a gidan, an ɗauko mai jinya, shi ma an bar shi yana kai su asibiti. Baba ya ƙara lalacewa. Ba ya tuna ko ya ci abinci, wani lokaci 'yar tasa ma sai ya tambaye ta ko ita wace ce. Amma duk ranar Laraba, ba wanda ya san yadda yake ganewa, sai ya tashi ya nemi sandarsa ya zauna a bakin ƙofa, wai a kai shi wurin ɗansa na kanti. Ba ya ci, ba ya sha, in aka ce ya tashi sai kuka. Haka zai yini.

Direban ya ce, "Hajiya ba ta san na zo ba, in ta ji kashina ya bushe. Ba cewa na yi ya zo ba. Ko magana ɗaya ya ba ni in kai masa, ko Allah zai sa ya haƙura."

Ranar hutuna na tafi tasha. Na sami Lale a rumfa, rana na dukan rabin jikinsa, yana fama da wata mata da ke neman ragi a kan safa. Sai da ta tafi na gaya masa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana jera safar da take a jere. Ya ce, "Wa yake sa masa kaya?"

Na ce akwai mai jinya.

"A gaya mata ta riƙa fara masa da ƙafar hagu. In aka fara da dama yana tangaɗi."

"To, saƙon fa? Ko za ka lallaɓa ka gan shi? Direba zai iya shirya—"

Ya girgiza kai. "Ta hana, kuma tana da gaskiya." Ya goge idonsa da bayan hannu, ya dubi titi. "Ka ce a gaya masa ɗansa yana gaishe shi. A ce sababbin kaya ba su iso ba tukuna, kada ya wahalar da kansa. In sun iso zan kira shi."

Na kai saƙon. Mako na zagayowa direba ya kira ni a waya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya sami Baba a bakin ƙofa da sandarsa, ya durƙusa ya faɗa masa yadda aka ce. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa sandar ya ce a kawo abinci. Yana tashi ya dubi 'yarsa ya ce, "Kin ji ko? Zai kira ni. Ɗana ba ya yi min ƙarya."